Wandon da zai kai ka saman dutse ya dawo da kai da mutuncinka



Duk shekara idan aka buɗe rajistar tafiyar hawan dutse ta bayan Sallah, tambayoyin da ke zuwa mana kusan iri ɗaya ne. Nawa ne kuɗin mota, ƙarfe nawa za a tashi, za a dafa abinci ne ko kowa ya zo da nasa. Jefi-jefi wani ya tambayi takalmi. Wando kuwa ba mu taɓa jin wanda ya tambaya ba, alhali a shekarun da muka yi muna kai matasan unguwa Olumo da Idanre da Erin-Ijesha da Ado-Awaye, babu abin da ya fi shi ba mutane wahala da kunya. Takalmi in ya matse ka, kai kaɗai ka sani. Wando in ya ɓarke, duk wanda ke bayanka a matakala ya sani, kuma matakalar Idanre ta haura 600.

Mu da aka haifa ko muka girma a nan Kudu, da yawanmu hawan dutsen da muka fara sani shi ne na lokacin da aka je gida hutu: Dala ko Goron Dutse a Kano, Kufena a Zariya. Dala dai mutum zai hau da kaftaninsa bayan la'asar, iska ta busar da gumin kafin ya sauko. Duwatsun ƙasar Yarabawa ba haka suke ba, kuma kowanne da irin cin da yake wa tufafi. Olumo na Abeokuta shi ne mai sauƙi, tsayinsa mita 137, ga matakala, tun gyaran 2006 ma an sa masa lif. Amma wanda ya ce tsohuwar hanya zai bi, ta cikin tsagar dutsen da Egbawa suka fake a wajajen 1830, to sai ya goga kafaɗa da ƙugu, wani wurin ma da gwiwa zai wuce. Idanre, kusa da Akure a jihar Ondo, bayan matakala akwai sauran tafiya a kan dutse da cikin ciyawa kafin a zagaya tsohon garin da mutanen suka bari suka sauko ƙasa, da tsohuwar fada da kotu da makaranta. Tun 2007 wurin yake cikin jerin da UNESCO ke dubawa don zama kayan tarihi na duniya. Ado-Awaye, ta wajen Iseyin, falalen dutse ne da rana tsaka, ga tafkin Iyake a can bisa. Wajen saukowa za ka ga ƙato da gemunsa ya zauna yana jan mazaunai, kuma dutsen nan kaushinsa kamar samfefa. Erin-Ijesha a jihar Osun shi ne uban gayya. Ruwa ne ke zubowa hawa bakwai, matakalar siminti a farko-farko kawai take, daga nan sai kama saiwar bishiya da ɗaga ƙafa har kusa da ƙirji, jikinka sharkaf.

To ka ga abu uku ne ke kashe wando a waɗannan wurare: gogayya da dutse, jiƙewa da ruwa ko gumi, sai buɗe ƙafa fiye da yadda aka saba. Wandon da ya jure ɗaya ya kasa biyu, gara a bar shi a gida.

Mu fara da jins, don shi ne mafi yawan matasanmu ke zuwa da shi, kuma in ka yi magana su ce ai babu abin da ya kai shi ƙwari. Ta wani ɓangaren suna da gaskiya. Don 'yan ƙwadago aka yi shi tun asali. A 1873 ne Levi Strauss da wani tela mai suna Jacob Davis suka yi rajistar dabarar buga ƙananan ƙusoshin jan ƙarfe a bakin aljihu a Amurka, saboda aljihun ma'aikata na yawan tsagewa. Wajen goga da dutse, jins mai kauri ba ya jin tsoro. Matsalarsa auduga ce. Auduga tana shan ruwa ta riƙe, kuma a wannan ƙasa da iska ke cike da danshi tun daga Afrilu har Oktoba, jins ɗin da ya jiƙe ƙarfe goma na safe ba zai bushe ba har mu dawo Ibadan. Zai yi nauyi, ya manne a cinya, ya ƙi bari ka ɗaga ƙafa, sannan ɗinkinsa mai kauri ya yi ta cin fatar matsematsi har ta ƙuje. Washegari ka ga mutum yana tafiya kamar wanda aka yi wa kaciya jiya. Wannan jins na gaske ke nan. Fensir ɗin da ake yayi yanzu kuwa, yadin sirara ne, an cika shi da roba don ya kama jiki, sunan jins kawai ya gada.

Shekarar da muka je Erin-Ijesha da mota biyu, wani ƙaninmu, ba za mu kama suna ba tunda yanzu magidanci ne, ya zo da sabon fensir ɗinsa na Sallah. A hawa na uku ya miƙa ƙafa zai taka wani dutse, sai ji muka yi kyaaat. Daga gaba har baya. A bayansa akwai 'yan makaranta mata da malamansu da suka zo yawon buɗe ido daga wani gari. Da tawul ɗin wani ya sauko, ɗaure a ƙugu kamar mai shirin shiga wanka, kuma har yau in an ce Erin-Ijesha a majalisa sai ya tashi ya ce ana kiransa a waya.

Abin da ya sa muka kawo labarin shi ne maganar da ta biyo baya. Da ya kai wandon wurin wani dattijon tela a nan Sabo, muna wurin, tsohon ya juya shi ciki waje, ya sa yatsa a inda ya ɓarke, ya ce, "Yarona, wannan ai ba shi da hantsa. Duba nan, ɗinki huɗu ne suka haɗu wuri guda, duk nauyinka a kansu. Ko na ɗinke maka, gobe ka ɗaga ƙafa zai sake tafiya." Yaron ya ce, "To Baba, babu dabara?" Ya ce, "Dabara ai tun kakanninku ake yinta. A yanka ƙyalle a sa a tsakiya, ya raba nauyin."

Maganar tsohon nan ita ce rabin ilimin wandon hawan dutse. Wandon Bature na yau da kullum, ɗinkin gaba da na baya da na cikin ƙafafu biyu duk a ɗigo ɗaya suke haɗuwa, daidai inda jan ya fi ƙarfi. Wandon Bahaushe na gargajiya, musamman bujen da ake hawan doki da shi, an ba shi yalwa a hantsa don mahayi ya buɗe ƙafa a kan sirdi babu abin da zai tsinke. Masu hawan dutse na ƙasashen waje sai daga baya suka zo kan wannan. Wani mahayin duwatsu na Kalifoniya mai suna Mike Graham ya kafa kamfanin Gramicci a 1982, kuma abin da ya sa wandonsa ya yi suna shi ne ƙyalle mai kusurwa huɗu da ya sa a hantsa, da ɗamara da aka ɗinke a jikin wandon. Yau kusan duk wandon hawan dutse na ƙwarai haka ake yinsa, ana kuma tallarsa kamar wata sabuwar fasaha. Mu dai in mun ɗaga wando a kasuwa, nan muke fara dubawa. In mun ga layu huɗu sun yi gicciye a wuri ɗaya, sai yadin ya zama mai miƙewa sosai kafin mu saya. In mun ga ƙyalle kamar yankan alkaki a tsakiya, to an fara magana.

Shi ya sa ma ba ma yi wa iyayenmu dariya in sun zo da wandonsu na yadi mai zariya. A Olumo da matakalar Idanre ya fi fensir sau goma: ga yalwa, ga shan iska, ga sauƙin alwala. Inda yake gazawa shi ne yadin. Shadda ba a yi ta don goga da dutse ba, zama ɗaya a kan falalen Ado-Awaye sai ta yi gashi, kuma ƙafar in ta cika faɗi tana kama reshe, ko mutum ya take ta da ɗaya ƙafar wajen saukowa. Wannan takewar ita ce muka fi tsoro, don faɗuwa a gangare ba wasa ba ce. Wanda ya fi sakewa da irin wannan ɗinki, ya sa tela ya yi masa da yadin kaki, a bar yalwar a sama, a rage ƙafar daga gwiwa zuwa ƙasa, tsayin ya tsaya a idon sawu.

Yanzu maganar yadi. A cikin kowane wandon kamfani akwai 'yar takarda da aka ɗinke, yawanci ta gefen hagu ko a ƙugu, kuma karanta ta ya fi sauraron mai kaya. In an rubuta nylon ko polyamide, abu ɗaya ne, nailan ke nan. Kamfanin DuPont na Amurka ne ya ƙirƙiro shi a 1935, kuma cikin zaruruwan da ake tufafi da su yana sahun gaba wajen jure gogayya. Polista ya ɗan gaza shi ƙarfi a nan, amma ya fi shi saurin bushewa da jure rana. Dalili kuwa a bayyane yake: a iska ta yau da kullum auduga kan riƙe danshi kusan kashi 8 cikin ɗari na nauyinta, nailan wajen kashi 4, polista ko kashi 1 bai kai ba. Sai spandex ko elastane ko Lycra, duk sunan roba ne mai sa yadi miƙewa. Kaɗan ake so. A ganinmu daga kashi 3 zuwa 6 ya wadatar. In ta yi yawa, wandon zai yi daɗi a jiki amma shi ne zai riga saura tsufa, gwiwa ta yi buhu ta ƙi komawa.

Akwai wata saƙa da ya kamata kowa ya iya ganewa da ido. In ka kai yadin kusa da fuska ka ga ƙananan murabba'ai kamar layin littafin lissafi na 'yan firamare, to an ratsa zare mai kauri ne a tsakanin sirara, tazarar ba ta kai faɗin farce ba. Amfaninsa, in ƙaya ta huda wurin, yagewar za ta tsaya a layi na gaba, ba za ta zarce har ƙasa ba. Lokacin yaƙin duniya na biyu aka fito da wannan saƙa don lemar saukar sojoji daga jirgi, a takardar kuma ripstop ake rubutawa. Wani lokaci za ka ga lamba da harafin D, kamar 70D ko 500D. Kaurin zaren ake nufi, wato giram nawa mita 9,000 na zaren zai yi a sikeli, don haka yawan lambar yawan kauri. Wandon da aka ƙara wa wani yadi mai kauri a gwiwa da mazaunai, sau da yawa da tambarin Cordura, shi ne sarki a Ado-Awaye. Sai dai kada kauri ya ruɗe mu. Yawancin waɗannan kaya don sanyin Turai aka yi su. Wanda ke da shafi mai laushi a ciki, ko wanda ruwa ba ya ratsa shi sam, a zafin Ondo tukunya ce za ka shiga ka rufe kanka. Ka hura iska ta cikin yadin da bakinka, hannunka a ɗaya gefen. In ba ka ji komai ba, ajiye shi.

Nailan ma yana da nasa aibin, kada a ce ba mu faɗa ba. Ba ya shiri da wuta. Tartsatsi ɗaya daga murhun mai shayi ya isa ya huda shi, salansar okada kuwa in ta taɓa shi narkewa yake ya manne a fata, ƙunar ta fi ta mai wandon auduga muni. Yana kuma riƙe warin gumi. Saboda haka da yawa daga cikinmu mun fi son gauraye, irin yadin da ake kayan ma'aikata da shi, kashi 65 polista, 35 auduga. Bai kai nailan saurin bushewa ba amma ya fi jins nesa, yana jure ƙaya, kuma ana samunsa a wurin masu yadi a auna maka a kai wa tela. Wanda aljihunsa bai yi nauyi ba, wannan ita ce hanyar da muka fi ba shi shawara: yadi biyu na kaki, tela wanda ya san hannunsa, a ce masa hantsa da ƙyalle, gwiwa ninki biyu, ɗinki layi biyu, aljihun cinya ɗaya mai zif. In ka tsaya a kansa ka yi masa bayani, zai fitar maka da abin da zai yi shekaru.

Ga masu zuwa gwanjo kuma, wato okirika kamar yadda ake cewa a nan, ko a Dugbe ne ko wanda ya leƙa Legas ya shiga Katangowa ko Yaba, ana dacen wandunan hawan dutse na manyan kamfanoni a cikin dila, kuma sau da yawa mai kayan bai ɗauke su a bakin komai ba, jins da kayan ofis yake wa kuɗi. Sabo a kanti kuɗinsa zai iya fin kuɗin motar tafiyar gaba ɗaya. Amma araha ba ta ado in ba a duba ba. Ka ɗaga wandon ka kalli rana ta cikinsa, musamman mazaunai da tsakanin cinyoyi, nan yake fara siraranta. In haske ya fi ratsowa a nan, mai shi na farko ya riga ya cinye rabonka. Ka ja yadin ka saki. In bai koma ba, ko ka ga wasu fararen zaruruwa ƙanana sun fito kamar furfura, robar ta mutu, kuma ba ta da magani. Ka juya cikin ka ga ɗinkin: wanda aka naɗe baki aka bi da layi biyu ya fi wanda aka yi wa wibin kawai. Bakin aljihu da gindin zif da madaukan bel, a nemi ɗan gajeren ɗinki mai kauri da ake kulle su da shi. Zif kuma a ja shi sama da ƙasa sau uku. In an ga YKK a jikinsa, na kamfanin Japan ne da ke wannan sana'a tun 1934, kuma ba kasafai yake ba da kunya ba, ko da yake shi ma ana buga jabunsa.

Dabarar nan ta zagaya ƙugun wando a wuya don a san ko zai shiga, ƙugu kawai take gaya maka. Ba ta san cinyarka ba, ba ta san inda gwiwarka za ta kai ba. In da hali ka sa shi a kan na jikinka, ka tsuguna har ƙasa, ka ɗora ƙafa ɗaya a kan bencin mai kaya, sannan ka sunkuya kamar mai ruku'u. Wando mai gajeren ƙugu, da ka sunkuya sai bayanka ya fito. A kan dutse mai bin ka ne zai sha kallo, a sahu kuma maganar ta fi haka girma, tunda azahar da la'asar duk a can suke riskarmu. A nemi wanda ƙugunsa ya hau sosai ta baya. Bel mai katon kan ƙarfe a bar shi a gida, yana cin ciki in an duƙa, kuma jakar goyo tana danna shi. Zariya ko siririyar ɗamara ta fi.

Gajeren wando shi ne inda muka fi samun gardama da matasa, kuma mun san zafi ne ke sa su. Gaskiya a matakalar Idanre da rana, mai gajeren wando ya fi kowa jin daɗi. Amma mu duba abin da ke ƙasa da gwiwa. Akwai ƙarara, wadda Yarabawa ke kira werepe, da rani in kwanson ya bushe ko gilmawa ka yi ta jikinta sai ka yi rawar da ba a koya maka ba. Akwai kwarkwasa da ke yin layi a tsakiyar hanya, akwai kaska a inda shanu ke bi, akwai ciyawa mai yanka kamar reza. A bakin ruwa mai gudu kuma akan sami ƙananan baƙaƙen ƙudajen nan masu cizo da rana, sun fi son ƙwauri, kuma irinsu ne ke yaɗa cutar makantar kogi. Dogon wando ba sulke ba ne, maciji in ya yi niyya zai iya ratsa shi, amma ya fi fata tsirara. Sannan ga sallah. Abin da malamanmu suka koya mana shi ne al'aurar namiji daga cibiya zuwa gwiwa, kuma wandon ƙwallo da ya rufe gwiwa a tsaye, da an yi sujada sai ya tattare. Don haka in dai gajere ne, tiri-kwata muke cewa, wanda ya sauka ƙasa da gwiwa da kamar faɗin tafin hannu, mai yadi mai jiki, kuma a Olumo ko matakalar Idanre kawai. Ranar shiga ciyawa, dogo.

Akwai wanda ake cire masa ƙafa da zif ya koma gajere. A ido dabara ce mai kyau, wasunmu ma suna da shi. Sai dai zif ɗin yakan zauna a saman gwiwa yana goga, in ya cire kuma abin da ya rage ya cika gajarta. A gwanjo sau da yawa za ka tarar zif ɗin ƙafa ɗaya ya mutu, ko launin sama da na ƙasa sun bambanta saboda mai shi ya fi wanke rabi. In ka dace da lafiyayye, madalla. Ba abin da za a bi kasuwa ana nema ba ne.

Ga wata magana da muke so kowa ya ji da kunnen basira, don ta wuce maganar yagewa. Kada wanda ya zo mana da wando mai zanen kakin soja. Ko gajere ne, ko hula ce, ko jaka. Mun san suna da ƙwari, mun san suna da araha a dila, mun kuma san suna yi wa matasa kyau a hoto. Dokar ƙasa ta hana farar hula sa kayan soja, sashe na 110 na kundin laifuffuka da ake aiki da shi a Kudu ya yi magana a kai, rundunar soja kuma ta sha yin gargaɗi. Ban da doka, mu dubi halin da ake ciki. Mota cike da samari Hausawa, a hanyar daji tsakanin Osun da Ondo, a zamanin da mutanen ƙauyuka ke kwana da fargabar masu satar mutane, har gwamnonin yankin suka kafa Amotekun a 2020. Jami'in da ya tsayar da mu ya leƙa ya ga kakin soja, aikinsa ne ya yi tambaya, kuma wando ɗaya zai iya zaunar da mutum talatin a bakin titi har yamma. Manomin da ya hango mu daga nesa a kan dutse ba zai tsaya tambaya ba ma, gari zai ruga ya faɗa. Mun daɗe muna zaune lafiya da mutanen nan, Sabo ta Ibadan kanta tun 1916 take. Duk wanda ya zo da irin wannan kaya, a bakin mota za mu ce ya koma ya canza, kada ya ga kamar wulaƙanci ne.

Launin da muka fi so shi ne ruwan ƙasa mai haske ko ruwan toka, marar zane. Baƙi yana jan zafi, kuma shi da shuɗi mai duhu su ne launukan da ƙudan tsando ke bi. A kan yadi mai haske kuwa kaska ko kwarkwasa na hawa za ka gan ta.

'Yan uwanmu mata da ke zuwa, su ma suna ƙaruwa kowace shekara, abin da muka gani ya fi yi musu shi ne dogon wando mai yalwa na yadi mai jiki a ciki, riga har ƙasa da gwiwa a sama, da hijabi madaidaici wanda bai wuce cinya ba. Zani da doguwar abaya da hijabi mai jan ƙasa suna hana ganin inda za a sa ƙafa, kuma hannun da ya kamata ya kama dutse sai ya koma tattare tufafi. Siririn wandon roba da ake sawa a ƙarƙashin abaya ba ya jure ko goga ɗaya. Yara kuma kada a sa musu kayan Sallah, tsohon wandon makaranta na kaki ya fi komai, in ya yage babu mai kuka.

In an samu wandon, a kula da shi. A wanke da ruwan sanyi, a shanya a inuwa. Bilic yana kashe roba, dutsen guga mai zafi kuma yana narka nailan, don haka in za a ba mai wanki a gaya masa, ko a wanke da hannu a gida, ai ba ya buƙatar guga. Ƙaramar huda a ɗinke ta tun tana ƙarama, masu keken ɗinki a kafaɗa suna wucewa ta ƙofar gidajenmu kullum, da yawansu ma 'yan uwanmu ne.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wandon da aka saya ko aka ɗinka, a wanke shi tukuna don in zai tsuke ya tsuke a gida, sannan a sa shi a yi doguwar tafiya ko sau biyu. Mu nan Ibadan ba mu rasa tudu ba. Hawa Oke-Are zuwa hasumiyar Bower, wadda aka gina a 1936, ya isa ya nuna maka inda wando ke cizo. Ranar tafiya kowa ya sa wando na biyu a leda ya ɗaure bakin ya jefa a jaka, don na Erin-Ijesha dole ya jiƙe, kuma zaman mota da jiƙaƙƙen kaya har gida ba daɗi. Allura da zare da fil guda biyar suna cikin akwatin magani, a hannun masu kula da tafiya. Wanda ke son a raka shi kasuwa ko wurin tela ya same mu bayan sallar Juma'a, akwai waɗanda suka ce za su ba da lokacinsu ranar Asabar. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.